Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Farce, Tsokar Yatsa da Zoben Kiɗa a Salon Jitar Hawayi

Salon kaɗa jita da mutanen Hawayi suke kira kī hōʻalu ya samo asali ne tun wajen 1832, lokacin da Sarki Kamehameha na Uku ya gayyato makiyaya daga yankin Meziko domin su koya wa mutanensa kiwon shanu, su kuwa baƙin suka zo da jitarsu. Bayan sun koma gida, mutanen tsibiran suka sassauta wasu daga tsirkiyoyin har ya zama idan an kaɗa su duka shida ba tare da an danne ko ɗaya ba, sautinsu yana tafiya tare babu saɓani. Abin da ya bambanta salon da sauran shi ne mutum ɗaya yana aikin makaɗa biyu a lokaci guda: babban yatsa yana riƙe da amon ƙasa a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu kuma suna fitar da karin waƙa a kan sirara. Saboda haka tambayar da ta kamata mai koyo ya yi wa kansa ita ce, da me zan taɓa tsirkiya har muryoyin nan biyu su fito daidai, ɗaya ba ta danne ɗaya ba? Duk matakan da ke tafe a kan wannan daidaito suka ginu. An rubuta su ne da nufin mai kaɗawa da hannun dama, bahago sai ya juya bayanin.

Kada a haɗa wannan salo da ɗaya jitar ta Hawayi wadda ake kwantarwa a cinya ana zamiya da guntun ƙarfe a kanta, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga Joseph Kekuku. A waccan, zoben kiɗa, wato abin kaɗa tsirkiya da ake zurawa a yatsa kamar zobe, kusan dole ne. A kī hōʻalu kuwa ana rungumar jita yadda aka saba, kuma manyan makaɗa sun yi fice ta kowace hanya daga cikin ukun, wato farce, tsokar yatsa da zobe.

Mataki na farko: duba irin tsirkiyar da ke jitarka

Tsirkiya ce take yanke rabin hukuncin tun kafin ka yi magana. Ta nailan tana da laushi da kauri, ba ta cin farce, amma idan aka kaɗa ta da tsoka zalla sautinta na sama yakan fito a dushe, don haka tana son ɗan farce. Da ita aka san makaɗan wannan salo Raymond Kane da Keola Beamer, kuma duk wanda ya saurari kiɗansu zai ji irin taushin da mutanen Hawayi suke kira nahenahe, wanda shi ne ma'aunin kyau a wannan salo. Ta ƙarfe kuwa tana da kaifin murya tun asali, ko da tsoka aka taɓa ta za ta amsa, sai dai tana cinye farce kamar yadda magagari yake yi, musamman idan farcen mutum siriri ne. Mai jitar ƙarfe, wato mai tsirkiyar ƙarfe, da yake kiɗa kowace rana zai tarar da gefen farcensa ya zaizaye ko ya yi gibi a cikin 'yan kwanaki, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa masu irin wannan jita da yawa suka koma wa zobe.

Akwai kuma maganar sassautawar kanta. A ɗaurin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira taro patch, ana sauke tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, daga sautin E zuwa D, ta 5 daga A zuwa G, ta 1, wato mafi siranta, daga E zuwa D, sai jerin ya zama D, G, D, G, B, D daga mai kauri zuwa siririya. Akwai ɗaurin da ake kai ta 6 har C. Tsirkiyar da aka sassauta tana lilo da faɗi fiye da yadda ta saba, idan kuwa aka fizge ta da abu mai tauri sai ta riƙa dukan gaɓoɓin wuyan jita, wato ƙarafan da aka gitta a kan wuyan, tana zizar da ba ta da daɗin ji. Ka riƙe wannan a ranka, domin zai dawo a maganar zoben babban yatsa.

Mataki na biyu: fara da tsokar yatsa, ko da ba nan za ka tsaya ba

Shawarata ga duk mai farawa ita ce ya yanke faratan hannu biyu, ya yi makonni yana kiɗa da tsoka zalla. Na hagu dai dole ne su zauna a yanke har abada, saboda dogon farce yana hana kan yatsa sauka a miƙe a kan tsirkiya. Na dama kuma a yanke su na ɗan lokaci, domin fata tana jin tsirkiya kafin ta sake ta, kuma da wannan jin ne hannu yake koyon inda kowace tsirkiya take ba tare da ido ya taimaka ba.

Ka ɗaura jitar a taro patch, ka ɗora gefen babban yatsa a kan tsirkiya ta 5, ka tura ta ƙasa da nauyin yatsan gaba ɗaya, ba da lanƙwasa gaɓar ƙarshe kaɗai ba, sannan ka koma ta 4. Ka yi ta kai da komo tsakanin ta 5 da ta 4 a hankali, bugu huɗu-huɗu, daga nan ka sauya zuwa ta 6 da ta 4. Wannan shi ne ƙashin bayan salon, kuma bai kamata ya yanke ba ko da ana yi maka magana. Idan ya zauna, sai ka shigo da manuniya a kan tsirkiya ta 1 ko ta 2, kana jawo ta zuwa cikin tafin hannu, ba kana ɗaga ta sama kana saki ba. Babban yatsa ya kasance gaba da sauran yatsu, wato wajen wuyan jita, don kada su yi karo.

A makon farko kan yatsu zai yi zafi, a jitar ƙarfe ma har bororo yana iya fitowa. Maganinsa shi ne gajerun zama sau da yawa a rana maimakon dogon zama guda ɗaya, kuma kada a kaɗa da hannun da ya daɗe cikin ruwa, domin jiƙaƙƙiyar fata tana saurin saluɓewa. Da sannu fatar za ta yi kanta, sautin kuma zai ƙara fitowa sarai.

Bayan kamar wata guda, ka naɗi kiɗanka a waya, ka ajiye wayar nesa da kai da kamar taku uku, sannan ka saurara. Abin da akasari ake ji shi ne amon ƙasa ya cika ɗaki yayin da karin waƙar yake ɓuya a bayansa, saboda babban yatsa ya fi ƙarfi kuma tsirkiyoyinsa sun fi kauri. Idan karin yana fitowa yadda kake so, to babu laifi ka tsaya a nan, ka huta da ɗawainiyar da za a bayyana a ƙasa. Idan ya dushe, lokacin tara farce ya yi.

Mataki na uku: tara farce da gyara shi

A nan yawancin masu koyo suke ɓata, domin suna zaton tsawo ne yake kawo sauti. Farcen da ake buƙata gajere ne ƙwarai. Ka ɗaga hannunka, tafin yana fuskantarka, ka dubi kan yatsun a daidai idonka: idan ka hango farin farce ya leƙo sama da tsoka da milimita 1 zuwa 2, ya isa. Farce yana tsawo da kimanin milimita 3 a wata, saboda haka makonni biyu zuwa uku sun wadatar. Manufar ita ce tsirkiya ta fara sauka a kan tsoka, a daidai inda tsokar ta haɗu da farce ta gefen da ke kallon babban yatsa, sannan ta zame ta kan farcen ta fita. Tsoka tana kwantar da tsirkiyar da ke rawa kuma tana ba sautin kauri, farce kuma yana ba shi haske a lokacin fita. Idan farce ya yi tsawo har shi ne yake fara taɓa tsirkiya, za a ji ɗan ƙaras kafin kowane sauti, sautin kuma ya fito siriri.

Kada ka sa reza ko abin yankan farce a hannun dama daga yanzu, domin suna matse farce su bar masa ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Ka nemi magagarin farce mai laushi, na gilashi ya fi kyau idan da hali, da samfefa mai lamba 500 ko 600, da wata mai lamba 1500 ko sama da haka. Ka riƙe magagarin a ƙarƙashin bakin farce a ɗan karkace, ka riƙa gogawa zuwa gefe guda, kana fitar da siffar gangara mai sauƙi wadda ta fara ƙasa a gefen babban yatsa ta hau kaɗan zuwa ɗaya gefen. Kada a yi masa tsini, kada kuma a bar kusurwa. Wata dabara mai amfani ita ce ka naɗe samfefar a kan tsirkiya ta 1, ka kaɗa a kanta sau da yawa da kowane yatsa kamar kana kiɗa, domin inda ta ci shi ne ainihin wurin da tsirkiya take bi a farcenka, kuma daga nan za ka gane siffar da hannunka yake so, wadda ba lallai ta zama irin ta wani ba. Mai farcen da ya lanƙwaso ƙasa kamar bakin shaho, alal misali, sai ya rage tsawon sosai ya kuma goge ƙasan, in ba haka ba tsirkiya za ta riƙa maƙalewa.

Sai goge baki, wanda ya fi siffar kanta tasiri a kunne. Ka ɗora samfefa mai laushin a kan cinya ko a kan wani abu mai taushi, ka goge bakin farcen ta sama da ta ƙasa da ta gaba har ya yi santsi. Gwajinsa shi ne ka ja shi a kan ƙyalle mai laushi, idan ya kama zare ko ɗaya to da saura. Ana maimaita wannan gogewa kafin kowane zama, ana kuma rage tsawo duk bayan kwana biyu ko uku.

Yatsu nawa za a tara wa farce ya danganta da yadda kake kiɗa. Dattawan makaɗa da yawa da babban yatsa da manuniya kaɗai suka yi aikinsu, wasu sun ƙara na tsakiya, waɗanda suka taso ta hanyar jitar gargajiyar Sifen kuma suna haɗawa da yatsan da ke kusa da ƙarami. Ƙaramin yatsa ba ya buƙatar komai. Babban yatsa kuwa shi ne abin lura. Idan aka tara masa farce mai tsawo, amon ƙasa zai yi kaifi ya koma yana gasa da karin waƙa, alhali a wannan salo an fi so ya zama shimfiɗa mai laushi da karin yake tafiya a kai. Ni dai na fi karkata ga a bar babban yatsa yana kaɗawa da gefen tsokarsa, farce ya tsaya ga manuniya da na tsakiya, domin wannan haɗin da kansa yake gyara rashin daidaiton da aka ji a naɗin waya.

Domin ka gwada aikinka, ka danne tsirkiya ta 3 a gaɓa ta 4 tare da ta 1 a gaɓa ta 5, ka kaɗa su lokaci guda, sannan ka zame zuwa 5 da 7, sannan 7 da 9, babban yatsa yana ci gaba da aikinsa a ƙasa. Wannan tafiyar tsirkiya biyu tana cikin jinin kī hōʻalu, kuma tana tona asirin farcen da bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, don za ka ji ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Sai ka rage wa mai ƙarar tsawo kaɗan. Bayan haka ka ɗora yatsan hagu a hankali a kan tsirkiyoyi daidai saman gaɓa ta 12 ba tare da dannewa ba, ka kaɗa ka ɗage, ka yi haka a ta 7 da ta 5. Sautin ƙararrawa da yake fitowa, wanda makaɗan Hawayi suke yawan rufe waƙa da shi, yana fita tas da farce mai santsi, musamman idan ka matsar da hannun dama wajen jakin jita, wato katakon da tsirkiyoyi suke hawa kansa.

Kula da farce ba ya buƙatar tsada. A riƙa shafa masa mai bayan wanke hannu, musamman lokacin hunturu da iska take busar da shi har ya riƙa tsagewa, a kuma saba da buɗe ƙofa da jan zif da hannun hagu. A tsabtace ƙarƙashinsa kullum, tunda da wannan hannun ake cin abinci. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa sunna ita ce kada a bar farce ya wuce kwana 40 ba a rage shi ba, kuma farcen milimita 2 da ake gogewa duk bayan kwana uku ba barinsa aka yi ba, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa ko ya wuce mataki na gaba. Farcen kanti da ake mannawa a shagon gyaran jiki, wanda makaɗan jitar ƙarfe da yawa suke dogaro da shi saboda taurinsa, yana hana ruwan alwala isa ga farcen asali, ga shi kuma yana raunana shi idan aka daɗe ana sawa. Zobe ba shi da wannan matsala, don ana cire shi a sa a aljihu.

Mataki na huɗu: zoben kiɗa, idan buƙatarsa ta taso

Abin da masu sayar da kayan kiɗa suke kira fik iri biyu ne. Akwai falle guda da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuniya, wannan a ajiye shi gefe, domin yana ɗaure yatsu biyun da salon ya dogara a kansu. Wanda ake nufi a nan shi ne wanda ake zurawa a yatsa kamar zobe, na roba ko na ƙarfe. Dalilan komawa gare shi sanannu ne: farce mai rauni, aikin hannu da ba ya barin farce ya zauna, jitar ƙarfe ko mai tsirkiya 12, ko kiɗa cikin taro tare da ukulele, ƙaramar jitar Hawayi, da wasu jitoci inda tsoka ba za ta jiyu ba. Makaɗin wannan salo Ledward Kaapana, wanda gwamnatin Amurka ta karrama a 2011 da lambar girmamawa ta masu riƙe da fasahar gargajiya, misali ne na abin da babban yatsa da manuniya za su iya na sauri da tsabtar sauti.

Ka fara da na babban yatsa shi kaɗai. Kamfanoni irin su Dunlop da National da Fred Kelly suna yin sa girma daban-daban, kuma wanda ya dace shi ne wanda ya kama tsakanin gaɓar ƙarshe da gindin farce, ba ya juyawa idan an kaɗa da ƙarfi, ba ya kuma sa kan yatsa ya yi sanyi ko ya kumbura. Idan ya yi sako-sako ko ya matse, a tsoma sashen zoben cikin ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi da cokali, a fitar a matse ko a buɗa shi, sannan a sa a ruwan sanyi. Kada a kusantar da shi ga wuta, domin irin robar da ake yin da yawa daga cikinsu tana kamawa nan take. Harshensa kusan kullum yana zuwa da tsawon da ya wuce buƙata, sai a goge shi da magagari har abin da ya leƙo daga gefen yatsa ya koma 'yan milimitoci, a zagaye bakin, a goge da samfefa kamar yadda aka yi wa farce. Gajeren harshe yana kusantar da hannu ga tsirkiya kuma yana rage zizar da aka ambata a farko. Idan har zizar ta ƙi tafiya, a sassauta bugu, ko a sauya tsirkiyoyi zuwa masu ɗan ƙarin kauri, domin su ba sa yin sako-sako sosai idan an sauke su.

Da zarar ka sa zobe a babban yatsa, amon ƙasa zai yi tsalle ya fi ƙarfin tsokar sauran yatsu. Hanya biyu ce a gabanka: ko dai ka haɗa shi da farce mai ƙwari a manuniya da na tsakiya, ko ka sa musu nasu zoben. Na ƙarfe ana sa shi ne harshensa yana kwance a ɓangaren tsoka, ya lanƙwaso ya bi kan yatsa zuwa sama, ba a saman farce kamar akaifar kyanwa ba, kuma wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi. Ana sayar da shi kauri daban-daban, daga inci 0.013 zuwa 0.025, siririn ya fi taushin murya da sauƙin lanƙwasawa. A matse fikafikansa da ƙaramar filaya har ya zauna daram, a ɗan karkata harshen yadda zai sadu da tsirkiya da faɗinsa, don idan gefensa ne yake gogarta za a ji ƙarar karce. Akwai wani iri mai suna Alaska Pik wanda yake hawa saman farce ya maƙale a ƙarƙashin bakinsa, yana jin kusa da farcen gaske, amma sai mutum yana da ɗan farcen da zai riƙe shi.

Zobe yana da farashinsa. Fata ba ta ƙara jin tsirkiya, don haka makonnin farko yatsu za su riƙa kuskuren wuri, kuma na ƙarfe ba ya yarda a share tsirkiyoyi ƙasa da bayan yatsa, sai ya maƙale ko ya fice. A kan nailan ma ba ya daɗi, yana karce masu kaurin yana kuma kashe taushin da aka sayi jitar dominsa. Wanda ya zaɓe shi ya koma darasin mataki na biyu daga farko, a hankali, ya kuma koyi kaɗawa da rabin ƙarfin da ya saba, yana matsar da hannu zuwa saman ramin jita inda sauti ya fi zagaye.

Mataki na biyar: kwatanta, sannan ka tsaya a kan ɗaya

Ka zaɓi gajeren kiɗa guda da ka haddace, ka naɗe shi ta kowace hanya da ka gwada, a ɗaki ɗaya, wayar tana wuri ɗaya. Ka bar naɗin ya kwana, sannan ka saurara kana neman abu uku: ko amon ƙasa yana tafiya ba yankewa, ko karin waƙa yana zaune a samansa ba tare da ihu ba, da kuma ko sautin da hannun hagu yake fitarwa shi kaɗai, wato lokacin da ake buga yatsa a kan tsirkiya ko a fizge shi daga kanta, yana kusa da ƙarfin wanda dama ta kaɗa. Na ukun nan ana yawan mantawa da shi, alhali waɗannan adon suna ko'ina a kī hōʻalu, kuma zoben ƙarfe mai kauri yakan sa su ɓace a tsakanin bugu biyu masu ƙara. Hanyar da ta ci gwajin, ka zauna a kanta aƙalla wata uku kafin ka sake tunani, domin kowace tana sauya tsayuwar hannu, kuma mai sauyawa kowane mako ba ya ba hannunsa damar sabawa da ko ɗaya.

Idan farce ka zaɓa, wata rana zai tsage. Ƙaramar tsaga ana gyara ta da ɗigon sufa gulu da guntun takardar jakar shayi: a tsabtace farcen ya bushe, a ɗiga gam kaɗan, a shimfiɗa takardar a kan tsagar, a ƙara ɗigo, idan ya bushe a goge da samfefa har ya yi daidai da sauran farcen. Facin yana ɗaukar kwanaki, amma shi ma yana tare ruwa a inda yake, kuma ba a sa gam a inda fata ta buɗe ko jini ya fito. Idan karayar ta kai tsoka, a goge abin da ya rage ya yi santsi, a rage sauran faratan su yi kusa da shi don kada sauti ya bambanta, a koma kiɗa da tsoka ko zobe har ya tsiro, wanda yakan ɗauki makonni kaɗan idan baki ne ya karye, ko wata huɗu zuwa shida idan farcen ne gaba ɗaya ya fita.